Babur ɗin da Maiɗakina Ta Saya Mini Yana Ɓoye a Sito

Assalamu alaikum Hajiya Inno,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin saura mako uku rak a yi abin da za a yi. Na san wasiƙun da ke zuwa filin nan naki yawanci na masu hawaye ne, tawa kuwa in kika karanta wataƙila dariya za ki yi har ki riƙe ciki. Yi abarki, na yafe. Ni ma in na tuna wani abin sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai bisa hanya. Amma ƙarƙashin dariyar akwai abin da ya hana ni cin tuwo da daɗi, domin ina neman ɓata ran matar da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Ni malamin gona ne, ina zaune Tudun Wada a nan Gusau, shekaruna hamsin da 'yan kai. Kuma ni ɗan Besfa ne. Hajiya, mai Besfa daban, ɗan Besfa daban. Mai Besfa ya saya ne don ya je aiki ya dawo. Ɗan Besfa kuwa in aka zagi Besfa a gabansa, kamar an taɓa masa dangi ne. Tawa shuɗiya ce, na saye ta sabuwa dal a shekarar 1981, har yau fentinta na asali ne, kuma ni ke wanke ta da hannuna kowace Juma'a kafin in wanke kaina. In na sa farar babbar riga na kafa hula, na haɗa ƙafafuna biyu a gaba kamar wanda ke zaune bisa kujera a falonsa, wallahi ko mai mota ba na jin ya fi ni. Ba sarƙar da za ta kama maka riga, ba baƙin man da zai fantsamo maka a wando. Ka bar gida fes, ka isa fes. Tun da aka ba mu jiha garin nan ya cika da 'yan kabu-kabu, masu ɗaukar fasinja a babur, kowane lungu sai ka ji ana kiransu, amma ba a taɓa jin wanda ya ɗaga wa ɗan Besfa hannu ya ce kai ni kasuwa ba. Da wannan muke taƙama.

Muna da ƙungiya, mu goma sha huɗu, wasu a Gusau, wasu a Tsafe, wasu a Bungudu. Shekara goma sha biyar ke nan muna tare. Shugabanmu Malam Jatau, tsohon hedimasta ne, a Bungudu yake zaune, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Al'adarmu ita ce duk wanda hidima ta taso masa, suna ko ɗaurin aure, nasa ko na danginsa, sai mu raka shi gaba ɗaya. Mu fito cikin fararen kaya, mu jeru biyu-biyu, mai hidima shi kaɗai a gaba, in mun shigo gari mu danna oda sau biyu tare. Kai, Hajiya! Sai kin ga yadda mata ke leƙowa ta katanga. Ba rakiya kaɗai ba, mun yi jinyar juna, mun binne iyayen juna, ranar da gobara ta cinye wa ɗayanmu rumbu kafin mako ya zagayo mun cika masa wani.

To a cikin wagga ƙungiya ni ne baki. In ana muhawara da masu Suzuki da Yamaha da Honda a gindin bishiyar bedin da muke zama bayan la'asar, ni ake turawa gaba. Ni na raɗa masu suna 'yan sarƙa, sunan ya bi su har Funtua. Ni nake cewa mai hankali ba ya wage ƙafa bisa ƙarfe kamar mai hawan jaki. Shekara uku da suka wuce wani daga cikinmu, Yari na Tsafe, ya sayar da Besfarsa ya sayi Yamaha, ya ce hanyar gonarsa ta lalace. Ranar da ya zo da ita wajen taro ni na miƙe na kawo shawara cewa ba za mu kore shi ba, zumunci ya wuce haka, amma daga yau duk wanda ya zo da mai sarƙa, ko wane ne shi, can ƙarshen layi zai tsaya ya sha hayaƙinmu. Aka yi tafi, aka yi shewa, na zauna ina jin kaina. Yari ya biyo mu sau biyu a baya, farar rigarsa ta koma kalar toka, daga nan ba mu ƙara ganinsa ba. Yanzu sai in an yi rasuwa muke haɗuwa, mu gaisa a tsaitsaye kowa ya kama gabansa.

Ga inda gizo ke saƙa. Bara waccan aka mayar da aikina ƙauyukan Magami. Wanda ya san hanyoyin can ya san da rani yashi ne, da damina laka ce. Besfa kuma ba laifinta ba ne, 'yar birni ce, ƙananan tayoyinta ba don wannan aka yi su ba. Sai ya zama rabin tafiya ita ke ɗaukata, rabi ni ke tura ta, ga ni da gwiwar dama da ta daɗe tana yi mini tsiya. In na dawo gida sai maiɗakina, Wasila, ta dafa ruwa ta gasa mini gwiwar. Ni kuma ko a fuska ban nuna wa 'yan ƙungiya ba, in an tambaye ni hanyar Magami sai in ce ai shuɗiya tashi take bisa yashi.

Wasila tana kiwon raguna a bayan ɗaki, ta saye su ƙanana ta turke, in Babbar Sallah ta zo ta sayar. Na lura Sallah uku a jere ba ta ɗinka sabon zane ba, na yi mata magana ta ce na bara ai bai tsufa ba. Dusa kuwa da kowar wake da harawa ita ke nemowa, wani lokaci har da safe kafin in tashi na ji ta tana surfe don ta samu dusar. Na ɗauka kayan ɗaki take tara wa 'ya'yanta mata, ban tsananta tambaya ba.

Bayan Sallar nan da ta wuce da kwana goma, na dawo daga masallaci da hantsi sai na tarar da ƙanenta Hamidu, wanda ke zaune Bungudu, a zaure yana murmushi. Na shiga tsakar gida, sai ga jan Suzuki sabo fil, ledar sirdinsa ma ba a cire ba. Wasila tana bakin ɗakin girki ta juya baya wai tana fifita wuta, alhali tukunya ma ba ta ɗora ba. Hamidu ya miƙo mini makulli ya ce, Yaya ce ta ce a kawo maka, ta ce gwiwar nan ta huta haka nan.

Hajiya, ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba, a gaban ƙanen matata. Na yi godiya, na sa albarka. Amma Allah shi ne shaida, ban gama share hawayen ba sai da fuskar Jatau da sauran sha biyun nan ta faɗo mini a rai, da gindin bedi, da bakina. Kafin la'asar na ce wa Wasila sabon abu ido ke kama shi, gara a kai shi wajen aiki ya ɗan kwana biyu. Na sa Hamidu ya bi ta bayan gari ya kai shi siton da muke ajiye taki da iri. Kwana biyun nan yau wata biyar ke nan.

Ga yadda nake rayuwa yanzu, ki ji abin kunya. Da safe in fito gida bisa Besfa da farar riga, in gaisa da jama'a, in isa sito. Can in tuɓe rigar in rataye, in sa wata tsohuwar taguwa, in kifa malafa har gira, in ɗora baƙin tabarau, in turo Suzuki ta ƙofar baya in kama hanyar Magami. Da yamma in dawo in sake komawa mutumin kirki. Tukur mai kula da sito shi kaɗai ya san sirrin, kuma ya sha dariyata har ya gaji. Ranar farko da zan tayar da Suzukin sai na karkata shi gefe na riƙe, kamar yadda muke wa Besfa da safe don mai ya gangaro kafin a buga. Tukur ya zauna ƙasa daɓas yana cewa Malam, wanga ba ya son a kwantar da shi, buga kawai.

Kuma bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba. Ina son babur ɗin nan. Wallahi ina son sa! Yashin da nake sauka in tura, yanzu sai dai in ji iska a kunnena. Ƙauyen da nake isa azahar, yanzu hantsi ya same ni a can, na ga manoma na duba gonaki har in samu lokacin shan fura. Gwiwa ta yi sauƙi. Wata rana a kan hanya wata tsohuwar Bafulatana da ƙwaryar nono ta ɗago mini hannu tana kiran kabu-kabu, kabu-kabu. Raina ya ɓaci, na wuce ta, ni da ko ɗan sanda sai ya ce mini Malam. Da na yi gaba kaɗan na tuna rana ce tsaka kuma ba mota a hanyar, sai na juyo na ɗauke ta har kasuwa. Ta kwance bakin zane za ta ba ni kuɗi na ƙi, ta dube ni ta ce yau ta ga ɗan kabu-kabu mai tsoron Allah, ta cusa mini curin man shanu a aljihu. Ranar har na dawo gari ina waƙa.

To ramin ƙarya ƙurarre ne. Watan jiya muka raka ɗaya daga cikinmu suna a Tsafe. Kin san ita Besfa giyarta a hannun hagu take, murɗawa ake yi, ƙafar hagu ta ɗan Besfa ba ta da aikin komai sai hutu. Shi kuwa Suzuki da ƙafar hagu ake sa masa giya. Muna tashi daga ƙofar gidan sunan, jama'a na kallo, sai ƙafata ta hagu ta ɗaga da kanta tana dannar iska, tana neman giyar da babu. Sau uku fa! Besfa na ta kuka a lamba ɗaya, ni kuma ina ta taka wofi. Jatau ne kusa da ni a layi. Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya ce da irin maganarsa ta sanyi, Malam, mi ƙahwarka taka biɗa? Na ce jijiya ce ta riƙe mini. Ya ce assha, Allah shi sawwaƙe.

Bayan kwana biyu sai ga Jatau ya taso tun daga Bungudu da 'yar kwalbar man shafawa, wai wani mai magani ya haɗa masa, maganin jijiya ne sadidan. Ya zauna a zaurena ya ce in shafa a gabansa. Na shafa wa lafiyayyar ƙafa magani mai wari kamar an ƙona taya, ina godiya, zuciyata na ce mini kai dai ka ji kunya.

Yanzu ga babbar maganar. Nan da mako uku za a ɗaura auren ɗiyar Hamidu a Bungudu, a gidan da aka haifi Wasila. Hidimar tawa ce, don haka ƙungiya za ta raka ni, har an sa wa mai wanki ranar karɓar riguna. Duk dangin Wasila sun san ita ta sayi babur ɗin nan, domin wasu ragunan ma a can aka fara kiwonsu, kuma sun fara tambayarta wai ina mashin ɗin, ko bai yi wa Malam ba ne? Shekaranjiya tana zuba mini abinci ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, tana so ranar bikin in kai ta Bungudu bisa jan babur, ba ta son mota. Na fara kame-kame, na ce ƙura, na ce zanenta, na ce Besfa ta fi taushin zama. Ta aje ludayi ta ce, Malam, babur ɗin kake jin kunya ko wadda ta saye shi? Ta shiga ɗaki. Shekara ashirin da bakwai muna tare ban taɓa jin ta yi mini magana irin wannan ba, kuma ba da faɗa ta yi ba, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi.

Kin ga inda na shiga. In na hau Besfa, zan shiga Bungudu a gaban layi da girmana, amma na nuna wa danginta kaf cewa wahalarta ta shekara uku ba ta kai a fito da ita rana ba. In na hau Suzuki, dokar da na kafa da bakina ta ce ƙarshen layi, ko wane ne. Ke nan ni mai hidima, da gwaggon amarya a bayana cikin sabon leshinta, mu shiga garinsu a ƙurya muna shan hayaƙin mutum goma sha uku, bayan dariyar da za a yi mini wadda na san har jikokina sai sun ji labarinta. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, na yi tunanin in tura ta a mota in bi ta da dabara, duk na ga ba su ɓulle ba. Ina son matata, ina son abokaina, ina son shuɗiyata, kuma Allah ya gani ina son jan nan. Hajiya, ya zan yi?

Naki,
Mai Babur Biyu,
Tudun Wada, Gusau.

Wa alaikumus salam Malam Mai Babur Biyu,

Na yi dariyar, tun da ka ba ni izini, musamman wajen man shafawa. Amma da na kai ga tambayar da maiɗakinka ta yi maka sai dariyar ta tsaya. Kafin komai ina taya ka murna. Mutane da yawa suna rubuto mini don sun rasa mai kula da su, kai kuwa damuwarka ita ce masu ƙaunarka sun yi yawa har sun haɗu a hanya ɗaya. Wannan damuwa ce da ake yi wa Allah godiya a kanta.

Bari in fara da abin da ba ka lura da shi ba. Ka ɓoye sunanka, amma ka faɗi unguwarka da aikinka da launin Besfarka da sunan shugabanku da na maiɗakinka. Malamin gona nawa ne a Tudun Wada mai shuɗiyar Besfa ta 1981? Na yi niyyar in sauya sunayen, sai na ga mutumin da ya rubuta haka, a ransa ya gaji da ɓoyo ne, yana neman wanda zai tura shi. To na tura ka. Ranar da jaridar nan ta isa gindin bedinku sirri ya ƙare, saboda haka ka riga ta isa.

Ban raina ƙungiyarku ba, kuma ba zan ce maka ai ƙarfe ne kawai ba. Mutanen da suka yi shekara goma sha biyar suna jinyar juna suna cika wa juna rumbu, ba wasa suke yi ba. Farar riga da jerin gwano da oda sau biyu su ne abin da ke fito da ku daga gida ku haɗu, kuma namiji mai shekara hamsin da ke da abokai goma sha uku da za su bar aikinsu su raka shi biki, ya riƙe su da kyau. Tsoron da kake ji na zubewar girma a idonsu ba wauta ba ne, kowa yana da inda yake so a gan shi da mutunci. Sai dai ka tambayi kanka, ranar da aka cika rumbun nan, an duba irin babur ɗin da ya kawo dawar?

Game da Malam Jatau, ina ganin ka raina wayonsa. Tsohon hedimasta, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallon yara suna ƙarya, kuma ya daɗe bisa babur, ya san abin da ƙafar hagu ke nema in ta ɗaga sau uku a jere. Ina kyautata zaton ya taso daga Bungudu ne don ya ba ka dama ka faɗa masa ku biyu a zaure, ba a gaban jama'a ba. Ka zaɓi ka shafa magani. Mutumin da ya gane kuma ya yi shiru har yau, ba shi ne zai wulaƙanta ka ba.

Amma ba wajensa za ka fara zuwa ba. Ka fara da Tsafe. Ka hau jan babur ɗin, ba malafa ba tabarau, ka je gidan Yari ka yi sallama. Abin da ya kai shi sayen nasa shi ne ya kawo maka naka, hanya ce ta lalace, shi dai bai samu mai rufa masa asiri da sito ba. Ka ce masa ka yi kuskure, kuma kada ka haɗa da wasa, domin da wasa ka kore shi. Zai yi maka dariya, haƙƙinsa ne, ka bar shi ya yi ta ishe shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle Yari ba wada ba ne, abokinka ne da ka ɓata wa farar riga. Daga nan ka gayyace shi bikin. Sannan ka wuce wajen Jatau ka faɗa masa komai, ka roƙe shi ya tara ƙungiya kafin ranar. A wajen taron kai za ka miƙe, kamar yadda ka miƙe shekara uku da suka wuce, ka ce dokar nan kai ka kawo ta, ba ta da kyau tun ranar da ka kawo ta, kana roƙon a soke ta. Ka tabbata ka ce saboda Yari ne tukuna, kafin ka ambaci kanka. In ba haka ba za a ce sai da wuta ta zo gemunka ka san tana da zafi, kuma za a yi gaskiya.

Ina sa ran za su soke. Ba zan yi mamaki ba in aka samu biyu ko uku a cikinsu da gwiwoyinsu ke ciwo su ma, suna jiran wani ya fara. Amma mai yiwuwa su ce sai ka ɗanɗana abin da ka dafa ko sau ɗaya ne. In sun ce haka kada ka yi fushi, kada ka fasa. Ka karɓi ƙarshen layi da fara'a, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da su don hayaƙi ya baje kafin ku iso, leshin baiwar Allah bai yi laifin komai ba. Za a yi maka ba'a wata ɗaya ko biyu, a raɗa maka suna, kai da ka saba raɗa wa mutane. Ba a mutuwa da wannan.

Besfarka kuwa ba wanda ya ce ka rabu da ita. Ka ci gaba da wanke ta ranar Juma'a, ka hau ta cikin gari da farar rigarka, ka yi taƙamarka. Hanyar Magami kuma ka ba ta abin da ya dace da ita. Ka fito da babur ɗin daga sito tun gobe, wurin taki ne ba wurin ajiyar kayanka ba, kuma ka sauke wa Tukur nauyin da ka ɗora masa. Kafin ranar biki ka ɗauki maiɗakinka ku ɗan zaga sau biyu ko uku, domin zama bayan wannan ba irin na Besfa ba ne. Ta tattare zanenta da bakin gyalenta da kyau, nesa da taya da sarƙa. Wannan ba wasa nake ba, ka duba da idonka kafin ka tayar.

Saura babbar maganar. Malam, matarka ba ta tambaye ka gaban layi ko bayansa ba, kai ne wannan ya dama. Sallah uku tana ganin mata da sabon zane tana cewa na bara bai tsufa ba. Wata biyar tana kallonka kana fita bisa Besfa kowace safiya, ta san inda kyautarta take kwana, danginta na tambaya tana kare ka. Godiyar da ka yi mata a tsakar gida ta karɓa, amma ka yi ta ne inda ba mai ji, ka kuma bi ta da ɓoyo. Yau, kafin Tsafe, kafin Bungudu, ka amsa mata tambayarta. Ka ce mata ba ita kake jin kunya ba, bakinka ne ya ɗaure ka, ka ba ta labarin duka har da malafa da tabarau. Ina tabbatar maka za ta yi dariya, kuma ta daɗe tana bukatar ta yi.

Ranar bikin kuma, ko a gaba kuka shiga Bungudu ko a baya, kada ka sauke ta a bakin lungu. Ka kai ta har ƙofar gidan mahaifinta, inda 'yan'uwanta suke tsaye. Ka kashe babur, ka jira ta sauka ta gyara gyalenta. In aka taru ana shafa shi ana cewa Malam an yi sabon mashin, kai da Allah ya ba baki, ka ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji, ka ce ba ni na saya ba, 'yar'uwarku ce ta saya mini.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya ba amarya da ango zaman lafiya, ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ka gaishe mini da Wasila, ka ce mata na ce Allah ya yi mata albarka.

Taku,
Hajiya Inno.